Sunan Ya Gumsu da Ya Ƙi Zama

Ni direba ne. Wanda ya ce muku na san kwamfuta, ya yi mini ƙarya. Amma shekara goma sha ɗaya na yi a ofis ɗaya da Dibora Bulus a Haɗejiya, saboda haka in dai labarinta ne, a bar ni in faɗa.

A shekarar tamanin da uku ta zo garin nan daga Zonkwa, ta biyo mijinta Bulus da aka turo koyarwa. Ta sauka da akwatin ƙarfe ɗaya, da jaririyarta Laraba a goye, da takardar shaidar iya bugun tafireta. Mu Maman Laraba muke ce mata. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya a ofis, amma in ta kama ka da kuskure sai ta yi mako tana tsokanarka. Ni har yau ba ta yafe mini ranar da na kai wasiƙar Birniwa zuwa Kafin Hausa ba.

Ofishinmu na taimakon manoman fadama ne. Aikinta buga takardu da sunayen manoma. In tana bugu, daga bakin titi kana jin ƙarar tafiretar kamar ana sussukar gero. Tinƙahonta ɗaya ne a duniya: wai tunda take, sunan mutum bai taɓa ɓata a hannunta ba. Duk wanda ya zo, sai ta rubuta sunansa a 'yar guntuwar takarda, ta soke a wani dogon ƙarfe da ke kan teburinta, sannan ta ce, "Je ka gida, sunanka ya shiga." Kuma mutum ya tafi hankalinsa kwance.

A casa'in da bakwai aka kawo mana kwamfuta biyu. Ɗaya ta zauna a teburin Maman Laraba, aka ɗage tafireta saman kabad. Ɗayar aka kai ƙaramin ofishinmu na Kirikasamma wajen Malam Shu'ibu, malamin gona, mutumin kirki mai tsabtar aiki, wanda ko biro ya ara sai ya mayar da murfinsa. Shi ke bin ƙauyuka yana ɗauko sunaye.

Tsarin, yadda aka yi mini bayani, shi ne kwamfutocin nan biyu dole bakinsu ya zo ɗaya. Abin da ke cikin wannan ya kasance a cikin waccan. Akwai wata 'yar jaka da aka zana a allonsu. Malam Shu'ibu zai kwafe jakar a wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu, wanda bai kai tafin hannu ba, ya ba ni. Ni in kawo Haɗejiya duk Litinin da Laraba. Maman Laraba ta zura shi, ta danna inda aka ce a danna, injin ya yi 'yan gurnaninsa, ya daidaita su. Shekara biyu ana haka lafiya lau, har na fara jin kaina ni ma ma'aikacin kwamfuta ne.

Sai damunar casa'in da tara ta zo da ruwa mai yawa. Kogi ya tumbatsa ya kwanta a kan shinkafar mutane. Aka ce a haɗa sunayen waɗanda ruwa ya cinye wa gona, za a ba su irin alkama da injin ban-ruwa su yi noman rani. Takardar za ta tafi Dutse ranar Juma'ar ƙarshen watan Oktoba. Wanda sunansa bai bi ta ba, sai dai ya yi haƙuri.

A nan Ya Gumsu ta shigo. Tsohuwa ce daga wani ƙauye bayan Kirikasamma, mijinta Kolo ya rasu da bazara ya bar ta da jikoki uku da gonar da yanzu kifi ke yawo a cikinta. Malam Shu'ibu da sunan magidanta yake lissafi, da ya ji Kolo ya rasu sai ya goge shi, don ba ya son a ce ya saka matacce. Bai tuna da matar ba. Ita kuwa ta hau kwalekwale, ta hau a-kori-kura, ta iso ofishinmu zaninta jiƙe har gwiwa.

Maman Laraba ta ba ta kujera, ta rubuta sunan a guntuwar takarda ta soke a ƙarfe, ta buga a kwamfuta a gaban idonmu.

"Iya, je ki gida. Sunanki ya shiga."

"Ya shiga ɗin, 'yata?"

"Ni na saka shi da hannuna."

Ranar Litinin na kawo faifai. Aka zura, aka danna, injin ya yi gurnani. Maman Laraba ta duba jerin, babu Gumsu. Ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa. Babu. Ta ce ƙila ta manta ba ta adana ba, abin da ko ita da ta faɗa ba ta yarda da shi ba. Ta sake bugawa, ta adana har sau biyu, ta kashe injin ta kunna, ga Gumsu daram. Ranar Laraba na kawo faifai, Gumsu ta sake ɓacewa.

Daga nan kan kowa ya ɗaure, kuma da yake ni ne talakan wurin, da ni aka fara. Oga Abdulwahid, shugaban ofis, ya ce zafin mota ke lalata faifan. Na koma naɗe shi cikin hankici ina sawa a aljihun ƙirji. Aka ce gumi ne. Na saka shi a gwangwanin madara. Wani ya ce ai rediyon mota ne ke zuƙe rubutun. Na yi tafiya huɗu ba ko labaran rana, ni kaɗai da ƙarar inji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ban ma san ta inda rubutu ke shiga abin ba, balle in san ta inda yake zubewa.

Mako biyu bayan nan aka manna jerin sunaye a Kirikasamma, aka karanta wa Ya Gumsu, ba ta ji kanta ba. Ta sake hawa kwalekwale.

"'Yata, ko wani abu ake bayarwa ne ban sani ba? Ki gaya mini, kada ki ji kunyata."

Na ga fuskar Maman Laraba ta canza kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta zaro guntuwar takardar daga ƙarfe ta nuna mata, tsohuwar da ba ta karatu. Ta sake buga sunan, wannan karon da manyan baƙaƙe, kamar injin kurma ne ake ɗaga masa murya.

Aka kirawo injiniya daga Kano. Ya zo da jaka da laktaye, ya kwance kwamfutar Haɗejiya, ya hura mata iska, ya ce ƙwayar cuta ce. Ya yi mata magani wuni guda. Da sunan ya sake ɓacewa sai ya ce ai matsalar shekara ta dubu biyu ce da duniya ke ta magana a kai, ta iso mana da wuri. Ya ci tuwon shinkafa da kifi ya koma. Kirikasamma kuwa bai je ba, wai hanya ba kyau.

Abin da ya fi ci wa Maman Laraba rai shi ne maganar da ta fara yawo. Ba a faɗa a gabanta, amma ni a tasha nake jin ta: wai baƙuwar nan ce ke cire sunayen mutane tana saka nata. Matar da ta yi shekara goma sha shida a garin nan, wadda 'ya'yanta ba su san wani gida ba sai nan. Ranar da na gaya mata, na yi nadama. Ta zauna ta zuba wa allon ido kamar mai jiran ya ba ta haƙuri.

Zuwan Ya Gumsu na uku ranar Talata ne, saura kwana uku takarda ta tafi. Ba ta ko zauna ba. Ta ce ta zo ne kawai ta ji ko ta fid da rai. Maman Laraba ta buga sunan, ta ce mata ta je, amma wannan karon ba ta iya cewa ya shiga ba. Ranar Laraba na kawo faifai, ya sake gogewa.

Da safiyar Alhamis na tarar da Maman Laraba a jikin mota da jakarta.

"Malam Baƙo, kai ni wajen ɗayar. Wata guda ina rigima da wannan, ban taɓa ganin 'yar'uwarta ba."

Mun isa da hantsi. Malam Shu'ibu ya yi mana maraba, ya shimfiɗa tabarma, ta ce ba zama ta zo yi ba. Ta ce ya kunna injinsa kamar yadda ya saba, kada ya rage komai. Ya tayar da janareto, ya yi bisimilla, ya danna. Allon ya kawo wani rubutu ya tsaya.

"Me take jira?"

"Kwanan wata take tambaya. Tun farkon damuna ta koyi mantuwa, kullum sai na gaya mata."

Ya ɗaga kai ya dubi kalandar masallaci da ke rataye a bango, ya buga: sha takwas, bakwai, ashirin.

"Malam Shu'ibu, mene ne wannan?"

"Yau ai sha takwas ga Rajab. Da na buga mata dubu ɗaya da ɗari huɗu da ashirin ta ƙi karɓa, sai na rage mata, na ba ta ashirin ɗin kawai. Ta karɓa ba musu."

Shi duk littattafansa na gona da watan sama yake rubuta su, kamar yadda mahaifinsa ke yi, kamar yadda manoman da yake hulɗa da su ke lissafi. An tambaye shi kwanan wata, ya faɗi gaskiya.

Maman Laraba ta matsa ta duba gefen jerin sunayen, ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a tabarmar da ta ƙi ɗazu. Ta yi mana bayani sau uku kafin na kama bakin zaren. Ita jakar nan ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. In ta ga takardu biyu sun saɓa, sai ta duba wacce ce ta baya-bayan nan, ta ɗauke ta, ta goge ɗayar. Kwamfutar Malam Shu'ibu kuwa ta ɗauka muna cikin shekara ta dubu biyu da ashirin. Duk abin da Maman Laraba za ta buga, ko yanzu ta ɗaga yatsa, a wurin jakar tsohon zance ne na shekara ashirin da ɗaya.

Malam Shu'ibu ya cire hula ya riƙe kai, yana ta salati. Ni kuwa na tuna rediyona da gwangwanin madara, na rasa dariya zan yi ko zagi. Gyaran bai kai dafa shayi ba. Daga baya ma aka ce wani ɗan batir ne kamar maɓallin riga ya mutu a cikinta.

Muka ɗauko hanya da gyararren faifai a jakarta. Ba mu yi nisa ba motar ta kafe a wani kwari da ruwa ya ci, har ƙofa. Ba waya a lokacin, ba wanda za a aika. Sai washegari da hantsi aka samu tarakta ta ja mu. Mun shiga Haɗejiya ana sakkowa daga masallacin Juma'a. Oga Abdulwahid ya jira ya gaji, ya buga abin da ya tarar a kwamfuta, ya sa hannu, takarda ta tafi Dutse tun ƙarfe tara. Ranar Litinin ni na kai Maman Laraba Dutse da kaina ta yi roƙo. Aka ce an rufe.

Ba wanda ya sa ta, amma ta ce sai ta je ta gaya wa tsohuwar da bakinta. Muka bar mota a bakin ruwa muka shiga kwalekwale, ita da ke tsoron ko rijiya ta leƙa. Mun sami Ya Gumsu a ƙofar gida tana shanya 'yan ƙananan kifi, wata 'yar jikarta na kore mata ƙuda.

Maman Laraba ta durƙusa ta gaishe ta, ta fara bayani. Ta yi maganar jaka, ta yi maganar kalanda, ta dawo kan batir, ta sake komawa jaka. Tsohuwa na kallonta, tana kallona. Ni ma da na fahimta a Kirikasamma, sai na ji ya sake kwance mini.

"Dakata, 'yata. Wane ne ya cire ni?"

"Ba kowa, Iya."

"Ba kowa ya cire ni, kuma ba na ciki."

"Haka ne, Iya."

"Shi injin, bai yarda da maganarki ba ke nan?"

"Da mun bar shi, da sai nan da shekara ashirin da ɗaya zai yarda da ni."

Ya Gumsu ta ci gaba da juya kifi. Can ta jawo yarinyar ta tsayar da ita a gaban Maman Laraba.

"To ki rubuta wannan. Sunanta Kulu. Ni ba zan kai ba."

Ba gatse ta yi ba, iyakar gaskiyarta ke nan. Maman Laraba ta buɗe jaka, ta yago takarda ta rubuta. A kwalekwale ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, ni kuma na juya ina kallon ruwa don kada ta ji kunya.

Washegari ta sa ni na sauko mata da tafireta daga saman kabad. Har ta yi ritaya, duk abin da ta buga a kwamfuta sai ta sake buga shi a tafireta da takardar kabon. Kuma ban ƙara jin ta ce wa kowa sunansa ya shiga ba. Sai dai ta ce, "Na rubuta."

Ranar da take kwashe kayanta, ta zare duk takardun da ke kan ƙarfen nan ta ba ni in ƙona. Guda biyu ta ware ta sa a jakarta, ta Ya Gumsu da ta Kulu.