Ƙusar da ta raba Reino da gidansa

Shekara arba'in da ɗaya Reino Salmela yana shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen birnin Duluth a Amurka, yana gyara murhun ɗumama gida. Ba ya da yawan magana, kuma ba ya sayar wa kowa abin da ba ya bukata, shi ya sa har ya tsufa a tsohuwar motarsa mai tsatsa. Dabararsa ɗaya ce. Akwai guntun waya a aljihun rigarsa, bai wuce tsawon yatsa ba. Kafin ya taɓa komai sai ya sa guntun ya haɗa jar waya da fara a jikin murhun. In wuta ta kama, to murhu lafiya yake, ciwon yana cikin bango ko a ɗan akwatin falo mai auna sanyi, wanda ke kunna murhun ta wayar da ke cikin bango.

Bayan rasuwar matarsa hannunsa ya fara rawa. 'Yarsa Darlene ta soma zancen gidan tsofaffi, shi kuwa ya ce gawarsa kaɗai za a fitar daga gidan nan. Sai mijinta Curtis, mai sayar da inshora wanda bai taɓa riƙe guduma da kyau ba, ya zo ran Asabar ya kafa masa katakon dafa hannu a bangon matakala da ƙusoshi dogaye kamar na haɗa jirgin ruwa. Watan Janairu ne. Kafin la'asar gida ya huce.

Reino ya sauka ya haɗa guntun wayarsa, wuta ta kama. Ya bi bango da ido har inda katakon yake, ya gane. Amma jan sabuwar waya cikin bango ya fi ƙarfin yatsunsa yanzu. Sai ya riƙa sauka yana haɗawa, in gida ya yi ɗumi ya cire.

Haka Darlene da Curtis suka same shi ran Lahadi bayan coci, zaune a kan bokiti, murhu a buɗe.

"Baba, me kake yi da wuta?"

"Mijinki ya huda min waya. Ƙusa ta uku daga sama."

Curtis ya yi dariya. "Ni kuma? Baba, wannan murhun ya girme ni. Mutuwa ya yi."

"Mataccen ne ke ƙona maka gwiwa yanzu? Matsa baya, mai inshora."

Darlene ba ta ji zancen ƙusa ba. Hannunsa kawai take kallo yana rawa kusa da harshen wuta. "Ba don Curtis ya sa maka abin dafawa ba, da tuni ka faɗo," in ji ta.

Cikin sati uku aka kai shi gidan tsofaffi, wani ɗaki a hawa na biyu, inda aka rufe akwatin auna sanyi da murfin roba mai makulli don kada tsofaffi su taɓa.

Aka sayar da gidansa. Waɗanda suka saya, da suka ga ba ɗumi, suka kira wani kamfani. Samari biyu masu tsabtar riga suka cire murhun, suka sa sabo fil. Gida bai yi ɗumi ba. Kwana biyu suna fasa bango kafin su kai ga ƙusa ta uku daga sama.

Darlene ta ji labarin a kanti. Ba ta faɗa wa mahaifinta ba. Guntun wayar ma ma'aikaciyar gidan tsofaffin ta karɓe, wai kada ya ji wa kansa rauni.