Littafin da Ba Ya Shan Mai

Ranar kasuwar Shagari ce, cikin watan Satumba na shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Kawu Arzika ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidanmu a Bodinga da wani ƙaton ɗaurin takardu a bayansa. La'asar ta yi sanyi, an ɗan yi yayyafi, ƙasa sai ƙamshi take. Ina tsugune ina wanke wake a bakin zaure, kakata Inna Tumba tana hura wuta a murhun da take suyar ƙosai. Kawu ya kwance igiya ya turo ɗaurin ƙasa, ya faɗo tim, kaji suka watse. Ni kuwa na tsame hannu daga ruwan wake tun ba a kira ni ba, domin na san aikina ne ya iso, kuma a duk ayyukan gidan nan babu wanda nake so kamarsa.

Inna Tumba ita ta haifi mahaifiyata, ita kuma ta ɗauko ni riƙo daga Mandera tun da aka yaye ni. Ƙosai take yi safe da yamma, tana kuma sayar da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a wani faranti da ke gefenta. Kawu Arzika ɗanta ne, sana'arsa tsofaffin takardu. Yakan saro jaridu da mujallu da littattafan gwanjo, ya bi masu tsire da masu shago a kasuwannin Bodinga da Shagari yana sayar musu don ƙunshi, abin da ya rage kuma ya kawo wa uwarsa. Aikina shi ne in zauna a tabarma in yayyage su daidai girman da zai ɗauki ƙosai, in jera a kwando. Wanke-wanke da sharar tsakar gida da ɗiban ruwa a rijiya duk ina yinsu ne da turo baki, amma yagar takarda sai an kore ni nake tashi. Kafin in yaga kowace sai na kalle ta sama da ƙasa. A nan na fara ganin jirgin ruwa, da dusar ƙanƙara, da wasu mata masu dariya ba gaira ba dalili suna riƙe da kwalbar turare. Inna takan ce da ni sarauniyar kallo, wai ranar da aka raba hankali ina can ina kallon hoto.

A tsakiyar ɗaurin ranar nan na ci karo da wani littafi mai nauyi, bangonsa mai kauri ne, kore shar, babu hoto ko ɗaya a jikinsa sai wani rubutu mai ruwan zinare da ya gangaro daga sama zuwa ƙasa. Na buɗe shi yadda muke buɗe littafin boko. Zane ne, shafi bayan shafi, irin na katun ɗin da muke leƙe ta tagar gidan wani ma'aikacin asibiti a unguwarmu idan an kawo wuta da rana, wanda yaran yanzu ke kira anime. Amma wannan ba ya motsi, ba ya gudu ya bar ni, kuma babu mai korata daga taga. Ga wata yarinya mai manyan idanu an zana fuskarta tana fushi, tana dariya, tana hamma. Ga gonar shinkafa ruwa ya kwanta a cikinta, gajimare yana ciki. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ina ƙara buɗawa launi yana raguwa, har zanen ya koma fensir zalla, da alamar inda aka goge aka sake. Ban sani ba ashe daga ƙarshe na faro.

Inuwar Inna ce ta rufe shafin. Ban ji tahowarta ba. Na yi maza na rufe littafin, fuskarsa mai rubutun zinare tana sama, ɗinkinsa yana hannun dama. Ta tsaya ta dube shi, ta goge hannuwanta a zani har sau biyu, amma duk da haka ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Aje shi, Luba. Ba ki ga ta inda ya ka buɗewa ba? Wanga littahin malamai na, ba a taɓa shi da hannun mai." Inna ba ta yi boko ba, karatun allonta ma bai yi nisa ba, amma abu ɗaya ta riƙe gam: duk littafin da ke buɗewa ta dama, kamar waɗanda marigayi mijinta ya bari, na addini ne. Irin wannan takarda ba ta ƙunsa abinci da ita, ba ta barinta a ƙasa. Tana da wata tsohuwar tukunyar ƙasa a saman katanga cikin ɗakinta, a nan take tara duk wadda ta tsinta. Idan ta cika, sai ta zaɓi wata safiyar Juma'a ta ƙone su a wuri mai tsabta, ta binne tokar a gindin magaryar bayan ɗaki. Sai da ta je ta yi alwala sannan ta dawo ta ɗauki littafin da hannu biyu, ta ɗora shi a bakin tukunyar don ya fi ƙarfin shiga ciki. Na ɗaga kai na duba, tukunyar ta kusa cika.

Daga ranar na shiga tsaka mai wuya. In na yi shiru, wuta ce za ta cinye shi. In kuwa na buɗe baki na ce ba na malamai ba ne, zane ne kawai, to ya zama takarda kamar kowace takarda, kuma ni da hannuna za a sa in yayyaga shi a ƙunsa wa 'yan makaranta ƙosai. Ɗauka a ɓoye ko a mafarki ban yi ba, tukunyar nan ko Kawu da gemunsa ba ya kai hannu wurin. Sai na zama ba ni da wani aiki sai neman dalilin shiga ɗakin Inna, in ɗauko ludayi, in mayar da ludayi, ina satar kallon gefen koren bangon. A makaranta ƙawayena suna carafke a gindin dogonyaro, ni ina gefe da tsinke ina ƙoƙarin fitar da idanun yarinyar nan a ƙasa, suna fitowa kamar na mujiya. Ranar Asabar aka aike ni kai fura gonar Kawu ta wajen Danchadi, na tsaya a bakin fadama ina kallon ruwa a cikin shinkafa, na ga gajimare a ciki kamar yadda yake a littafin. Kullum ina wucewa ta wurin, ban taɓa lura ba sai ranar. Na koma gida zuciyata a cunkushe, har Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne.

Safiyar Juma'ar ta zo. Inna ta share bayan ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta sauko da tukunyar. Al'adarta ce kafin ta kunna ashana sai ta aika a kira Malam Buhari, malamin Arabiyya na makarantarmu da ke haya a maƙwabtanmu, ya duba ko akwai abin da ɗalibai za su iya amfana da shi. Ni aka aika, na je na kira shi. Malam ya zo ya zauna, ya yi bisimilla, ya ware wasu 'yan shafuka ya ajiye gefe. Da ya kai kan koren littafin ya buɗe shi ta dama, ya buɗe gaba, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya danne dariyar iya ƙoƙarinsa don girman Inna, sannan ya ce, "Inna, wanga ba Larabci na ba. Rubutun mutanen Japan na, su da sunka ƙera babur ɗin Arzika. Su ma ta dama su ka buɗe littahi." Inna ta riƙe haɓa. Can ta ce, "Ashe dut alwalar da ni ka yi kahin in taɓa shi, masu babur ni ka yi ma." Malam ya saki dariyarsa, ita ma ta taya shi. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba, domin littafin ya tsira daga wuta ya faɗa kwandon ƙosai, idanuna kuma sun cika da hawaye.

Bayan Malam ya tafi aka ƙone sauran takardun, aka binne tokar, Inna ta ɗauki littafin ta nufi bakin zaure inda kaskonta yake, ina biye da ita. Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno ta ɗora shi a cinya, ta fara buɗawa, ta dama, yadda ya kamata. A nan na ga tafiyar zanen daidai: fensir tukuna, sannan tawada, sannan launi. Ta daɗe a kan gonar shinkafar. Ta fi daɗewa a kan wata tsohuwa da aka zana gaban murhu, ta miƙe ƙafa ɗaya tana hura wuta. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Waɗanga manoma na. Dubi yadda ta zamna, gwiwa ka yi mata ciwo." Ta ɗago ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yatsun ƙafata. Sai ta juya shafin ƙarshe, wanda babu komai a kansa, ta tsoma ɗan yatsa a man gyaɗan da ya huce a kasko, ta ɗiga a kusurwa. Man ya tsaya cak yana ƙyalli, bai shige ba. Ta shafa shi da babban yatsa, ta taɓe baki ta ce, "Kin gani? Takardar banza ta, ba ta shan mai. Ɗauke abinki ki ba ni wuri, ƙawata." Na rungume shi na ruga ɗaki, ko godiya ban tsaya yi ba.

Ba a yi nisa ba Kawu ya kawo wani ɗaurin, a ciki har da tsofaffin kalandu masu santsi da sheƙi, irin takardar littafina sak. Ina kallo Inna ta yayyage su ta ƙunsa wa mutane ƙuli-ƙuli da gyaɗa, waɗanda ba ruwansu da shan mai. Na tsaya da baki buɗe, sai a lokacin na tuna ai kullum haka take yi da takarda mai santsi. Muka haɗa ido, ta ɗaure fuska ta ce, "Mi ki ka kallo? Tahi ki ɗebo min ruwa." Ba mu sake tayar da zancen ba har ta bar duniya. Littafin kuwa a ƙarƙashin katifata ya zauna, naɗe a tsohon ɗankwali saboda gara. Da shi na koyi riƙe fensir, na cinye bayan littattafan lissafina da kwaikwayon itatuwa da rufin gidaje, har aka fara ba ni alli in zana wa aji taswira a allo.

Yanzu ni ke koyar da zane a wata makarantar 'yan mata a Shagari, kuma ina da 'yar kanta guda a ɗakina ta irin waɗannan littattafai. Ba su da yawa, don ba kowanne nake ɗauka ba. Wasu a wurin masu gwanjo na tsinto su a birnin Sakkwato, wasu na yi odarsu ta waya na jira har na fara cire rai. Ɗalibaina kan tambaye ni yadda ake gane na kirki, sai in ce su fara neman fensir. Littafin da aka cika da hotunan da aka ciro daga fim kawai, wannan ko a waya ma za ka gani, bai kai a ba shi wuri a kanta ba. Wanda ya nuna inda mai zane ya gwada ya goge ya sake, ya nuna gidaje da gonaki da tukwanen da ke bayan mutane, shi ne ake komawa kansa shekara da shekaru. Sannan in ce su buɗe tsakiya su duba ko ɗinkin zare ne ko gam, domin na gam ba ya jure zafinmu, bazara ɗaya sai ka ga shafuka suna zubowa. Su kuma kula da na jabu, mai dusasshen launi da takarda shara-shara. Ni dai har yau sai na murza kusurwar shafi tsakanin yatsu biyu kafin in yarda da littafi, mai shago yana kallona yana mamaki.

Yaran yanzu suna da dubban zane a tafin hannunsu, suna turawa da yatsa, kafin su ga ɗaya sun wuce goma. Ba na ganin laifinsu, da ni ma na samu a lokacina da haka zan yi. Amma mu da abu ɗaya ya faɗo mana daga bayan babur, mun kalle shi har mun haddace inda fensir ya karkace. Zauren Inna yanzu shagon cajin waya ne, magaryar ma an sare ta. A kantata akwai littattafan da suka fi koren nan kyau da tsabta, shi kuwa bangonsa ya koɗe, rubutun zinaren ya kusa gogewa, har yau ban san abin da ya ce ba. Idan na ɗauko shi nakan buɗe ta hagu, kamar ranar farko, don in fara da shafin ƙarshe. Ashe takardar tana shan mai, a hankali take sha. Ɗigon man yana nan a kusurwa, ya zama ruwan ƙasa, da zanen babban yatsan Inna a cikinsa.