Falalu da Gwangwanin da ke Ramin Dawa

Kowace Alhamis, da an sallame Asuba, Falalu ɗan Hashim kan ɗaure jakarsa a bayan babur ya kama hanyar Sinja shi kaɗai. Shekara goma sha huɗu ke nan. Shago tara yake dubawa, har da kantin maganin Intisar da shagon hoto da buga takardu na Osman. In ya shiga, sai ya kwafe duk abin da ke cikin kwamfuta ya zuba a wani faifai da bai kai tafin hannu ba. Ba shayi, ba hira. A gabansa Bashmuhandis ake ce masa, wato babban injiniya. Da ya ba da baya, sai a ce mai ramin dawa.

Ga inda sunan ya fito. Kwafi uku yake yi. Ɗaya ya bari a shago, ɗaya a jakarsa. Na uku ya naɗe shi da leda, ya sa a gwangwanin madara, ya kawo ƙauyenmu kusa da Abu Hujar, ya binne a matmura, ramin dawar gidan mahaifiyarsa. Wata-wata yakan tono ya buɗe ya gwada, yadda muke jiƙa iri a tsumma mu ga ko zai tsiro.

Ina zaune a shagon Osman ran da Falalu ya ga kalmar sirri a rubuce, an manna ta a goshin kwamfuta. Ya ɓalle takardar ya yage.

Osman ya ce, "Haba Bashmuhandis, wa zai sace hoton tsofaffi?"

"Wanda ka rubuta wa wannan."

"To kai da raminka, in gara ta cinye, ita za mu kai ƙara?"

Aka yi dariya, har da ni. Na faɗa ne don a san ban fi kowa ba.

Sai yaƙi ya iso, muka watse. Da muka dawo, shagon Osman ko waya ba a bari a bango ba. Jakar Falalu ma a hanya aka karɓe.

Hadizatu, matar ƙanena marigayi Adam, ta tarar da ɗakinta toka. A ciki takardar jinsiyyar kakan 'ya'yanta ta ƙone, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Kowane Bahaushen nan ya san abin da hakan ke nufi: a ce ka kawo shaidu, alhali dattawan da suka san kakanka suna kabari. 'Yarta Tasneem kuwa ba za ta zauna jarrabawa ba sai da lambar ƙasa. Sai Hadizatu ta tuna ta taɓa kai takardar wurin Osman aka ɗauki hotonta.

Falalu ya ɗauki fartanya. Gara ba ta ci ba.

Da ya fitar da kwafin takardar daga faifan, na miƙa hannu zan karɓar mata, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Takardarta ce, hannunta zan sa wa." Na yi fushi kwana biyu. Shi ke da gaskiya. Da lambar da ke jikin kwafin aka gano asalin a ofis, Tasneem ta zauna jarrabawarta.

Falalu, kai ne muka mayar abin dariya ka ƙi dainawa. Mahaifiyarka ta rasu a gudun nan, iyalinka na Gadarif har yau. Cikin shagunanka tara, uku suka buɗe, amma Alhamis ba ta wuce ka ba. Allah Ya saka maka, Ya dawo maka da naka.

Ku masu shaguna, ku yi kwafi, ku ajiye shi nesa, ku riƙa gwadawa. Sauran mu kuma, da la'asar Falalu yana ƙofar gida yana cin abinci shi kaɗai. Akwai tabarma ta biyu jingine da bango, a naɗe. Wanda ya bi ta nan ya yi sallama, ya shimfiɗa ta.