Ranar da Gwaggo Ta Kasa Karanta Sunanta

Riguna da yawa sun bi ta hannuna a sana'ar nan, amma akwai guda ɗaya da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Rigar gwaggona ce, yayar mahaifina da ke aure a Gafasa.

A lokacin ban fi shekara biyu da buɗe ɗan shagona a Gaya ba. Aikina ƙawata riguna ne. Nakan yanka rubutu ko zane a jikin wata leda mai launi da muke kira binil, in shimfiɗa a kan riga, in danne da inji mai zafi ya manne, sannan in bi shi da ƙananan duwatsu masu ƙyalli. Yawancin masu kawo min aiki 'yan ƙwallo ne da ƙawayen amare. Sai wata rana da hantsi malamar da ke koya wa matan aure karatu da rubutu a Gafasa ta yi sallama, Gwaggo na biye da ita. Ajinsu zai yi bikin kammalawa, suna son dogayen riguna iri ɗaya, kowace da sunan mai ita a gaba.

Gwaggo ta haura sittin. Duk tsawon rayuwarta, in aka kawo takarda, yatsa take dangwalawa. Damina biyu da rani biyu ta yi tana zuwa ajin nan, wani lokaci ƙasar gona ba ta gama fita daga ƙafarta ba, jikokinta na yi mata dariya.

Malama ta miƙo min jerin sunaye. Ita kuwa Gwaggo sai ta kwance haɓar zaninta, ta fito da wata takarda da ta sha ninki. Sunanta ne da fensir, da hannunta. Haruffan sun tashi daga ƙasa suna hawa sama kamar masu hawan tudu, na ƙarshen ya fi sauran girma.

"Ni dai wannan za ki sa min, 'yata," in ji ta.

Malama ta ce, "Haba Inna, ai inji zai fitar miki da shi tsaf. Naki ya ɗan karkace."

"Karkataccen shi ne nawa."

Gaskiya a zuciyata bayan Malama nake. Ina tsoron a ga rigar a taro a ce mai shagon Gaya ba ta iya aiki ba, ga shi lokacin nake neman suna. Amma wa zai kalli idon Gwaggo ya ce a'a? Na ɗauki hoton takardar da waya, na sa a kwamfuta, na bi kowane lanƙwasa yadda ta yi shi, ban gyara ko ɗigo ba.

Akwai abin da duk mai wannan sana'a ya sani, ni kuma ban yi tunanin faɗa mata ba: a juye ake yanka rubutun, kamar a madubi, sai an kifa shi a kan riga yake miƙewa. Ranar kasuwa Gwaggo ta kasa haƙuri, ta hau mashin ta zo ita kaɗai. Ta tarar da ledar a kan tebur.

"Wannan na wace ce?"

"Naki ne, Gwaggo."

Ta ɗauka, ta kai kusa da ido, ta sa yatsa tana bi, leɓɓanta na motsi. Ta sake farawa. Ta kuma sakewa. Sai na ga ta ajiye a hankali, ta ce, "Ashe jikokina sun yi gaskiya. Kan tsoho ba ya riƙe boko. Shekara biyu, sunana ma ban gane shi ba." Ta gyara hijabinta, ta ce in gaya wa Malama ba za ta je bikin ba, kada a kira ta gaban mutane ta ji kunya.

Na yi mata bayani, ta ɗauka lallashi ne. Na juya mata ledar don ta gani ta baya, ta kawar da kai, idonta ya riga ya cika. Sai na tare ƙofa na ce, "Don girman Allah, Gwaggo, ki zauna injin nan ya yi zafi. In kin gani ba ki gane ba, ni da kaina zan kai ki tasha."

Ban taɓa jin jira mai tsawo kamar wannan ba. Ina ta addu'a a zuci kada a ɗauke wuta. Da ya yi zafi na shimfiɗa rigar, na kifa ledar, na danne. Na ɗaga, na bari ta huce, na ce ta kama gefen farar ledar da ke rufe da haruffan ta ɓare da hannunta.

Tana ja, haruffan na bayyana, ruwan zinare a kan shuɗi, suna hawan tudunsu. Ta kira na farko da ƙarfi, ta kira na biyu, kafin ta kai ƙarshe ta faɗi sunan gaba ɗaya, ta dafa ƙirji.

"La ilaha illallahu! Ni ce! Har da ƙaton nan na ƙarshe!"

Ta yi dariya har da hawaye, ni ma na taya ta. Ranar ba ta shiga kasuwa ba. Zama ta yi tana zaɓo min duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ina jerawa a gefen haruffan, tana cewa in ƙara, kada in yi mata rowa.

Na je bikin, a tsakar wani gida, mata zalla. Da aka kira Gwaggo ta miƙe, rana ta bugi duwatsun, aka ɗauki guɗa. Wata ta tambaya wa ya yi mata wannan aiki, ta nuna ni ta ce, "'Yar ƙanena ta manna, amma rubutun nawa ne." Kafin in tafi mata bakwai sun tare ni, kowace da takardarta, Malama na tsaye tana murmushi.

Har yau ina alfahari da rigar nan fiye da duk wadda na yi mata ado mai tsada. Ita ta koya min cewa gwaninta ba ta tsaya ga iya miƙe layi ba. Wani lokaci gwani shi ne wanda ya san abin da bai kamata ya gyara ba, domin abin da ka gani a karkace, wataƙila gumin wani ne na shekaru.