Janar Ambindwile da Gangar Ƙasa Biyu

Kawuna Ambindwile janar ne, amma bai taɓa riƙe bindiga ba. Ko kaza za a yanka a gidansa, sai ya miƙa wuƙa ya zagaya bayan ayaba har a gama. Sojojinsa manoman shinkafa ne da masunta, makamansu kuwa ƙahonin duma da farin hankici. Duk shekara in an gama girbi sai su sha fararen kaya, gajeren wando da doguwar safa, su ja sahu su yi rawar malipenga, shi yana gaba da sanda a hammata. Ni ce mai wanke masa kayan nan da guga tun ina budurwa, don haka in na ce mutumin yana da iyayi, na san abin da nake faɗa. Karin wando ya ɗan karkace, sai ya dawo mini da shi yana cewa, "Tumpale, so kike 'yan Tanzaniya su yi mini dariya?"

'Yan Tanzaniyar nan ba wasu na nesa ba ne. Ƙauyen da ke tsallaken kogin Songwe ne, inda in zakaransu ya yi cara namu ke amsawa. Harshenmu ɗaya, kuma rabin matan ƙauyenmu daga can aka auro su, har da matar Kawu, Inna Subilaga. Janar ɗinsu Lwitiko sa'an Kawu ne. Tare suka yi kiwon shanu suna yara, kuma tun lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba.

Abin da ke tsakanin rundunonin biyu ganga ce. A zamanin iyayensu akwai wata ƙatuwar bishiya a gaɓarmu ta Malawi. Wata damina Songwe ya yi halinsa, ya bar hanyarsa ya yanko ta bayanta, aka wayi gari bishiya tana Tanzaniya. Namu suka ce tasu ce, kakanninsu suka sha inuwarta. Su kuma suka ce a ƙasarsu take. Har an fara fito da sanduna, tsofaffin mata suka shiga tsakani, aka sare ta aka sassaƙa ganga guda ɗaya tak. Sharaɗin shi ne duk shekara a kara a rawa, wanda ya ci ya tafi da ita gida. Alƙalai kuma mata ne. Ba a cewa runduna ta ci sai matan ɗaya ƙauyen sun kasa daurewa, sun shigo fili da guɗa sun share wa janar ɗinta gumi.

A ƙuruciyarsa Kawu ya sha cinye ta. Amma da girma ya kama shi, sai gangar ta yi zamanta wurin Lwitiko shekara da shekaru. Da yamma in suna gwaji, sautinta ya tsallako ruwa ya same shi a tsakar gida, sai ya ture kwanon ayaba da kindirmo ya ce ya ƙoshi. Gwiwoyinsa kuma sun fara yi masa tawaye, in zai tashi daga kujera sai ya dafa bango. Ranar da aka shigar da shinkafa rumbu ya tara mu ya ce bana ce ta ƙarshe. Ko ya dawo da gangar ubansa gida, ko ya ajiye sanda ba tare da ita ba. Wallahi na ji tausayinsa, duk da wahalar guga da ya ba ni.

To, a shekarar ne rediyo ya cika da maganar babban tafkin da ke tsakaninmu da Tanzaniya. Ana cewa akwai man fetur a ƙarƙashinsa, manyanmu na cewa ruwan duka namu ne, nasu na cewa rabi da rabi. Ba a jima ba kalmar yaƙi ta shigo bakin kowa. Mazan da ko kare ya yi haushi suke neman sanda, duk suka zama masana yaƙi a gindin mangwaro. Shugabansu wani masunci ne, Gwakisa, mai baki kamar rediyon kansa.

"In aka fara, kafin a sauke tukunya mun kai musu har kasuwa," in ji Gwakisa.

Inna Subilaga tana wucewa da tulu, ta tsaya. "Da me za ku kai? Da kwalekwalenka mai yoyo?"

"Ke ki yi shiru, Inna. Ke ce fursunar farko da za mu kama, ba sai mun tsallaka ba."

"Ku kama mana. Sai mu ga wanda zai dafa wa janar ɗinku abinci."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce wa Gwakisa, "Kai da gishirin gidanka ma daga can kake sayowa? In ka ɗana bindiga ka hango surukinka, gaishe shi za ka fara yi ko harbi?"

"Gaisuwa tukuna mana," in ji Gwakisa. "Ni ba marar tarbiyya ba ne."

Kawu yana zaune a gefe. Da suka matsa masa, wai a matsayinsa na janar me ya gani, sai ya ce, "Su yi ta jan tafkinsu. Ni dai kada wanda ya taɓa mini ranar rawa."

Ai kuwa ita aka taɓa. Hukuma ta nan da ta can suka hana tsallaka kogi a ƙungiya, musamman da kaya irin na soja, har sai ƙura ta lafa. Mai zuwa kasuwa shi kaɗai ba a hana shi ba. A shekarar mu ne ya kamata mu je can, ga shi rundunar Kawu ƙungiya ce, kuma komai nata na soja ne in ban da bindiga. Ya kwanta ya juya fuska bango. Ni haushi ma abin ya ba ni. Mutanen da ba su taɓa jin gangar nan ba, suna can birni suna jayayya a kan man da ko ɗigonsa ba wanda ya gani, sun zo sun hana tsoho rawarsa ta ƙarshe.

Wata safiya na kawo masa shayi na tarar da shi zaune, yana goge sandarsa da man gyaɗa.

"Tumpale, ɗauki kwando ki tsallaka kamar mai sayen sukari. Ki ce wa tsohon banzan nan an hana mu zuwa, an hana su zuwa, amma ba a hana kowa tsayawa a gaɓarsa ba. Ya ɗora ganga a kwalekwale a kafe ta a tsakiyar ruwa. Su yi tasu can, mu yi tamu nan."

Na sami Lwitiko yana gyaran shinge. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariya har da dafa ciki.

"'Yata, kawunki bai mutu ba ashe? To alƙalai fa? Matanmu za su yi fiffike ne su zo su share masa gumi?"

"Ya ce in rawa ta yi rawa, Baba, za su san hanya."

"Ki ce masa na yarda. Ki kuma ce ya taho da kujera, kada ya faɗi a gaban ƙasa biyu."

Ranar rawa gaɓa biyu suka cika maƙil. Ruwa ya ja sosai a lokacin, iyakarsa ƙugu. Aka ɗaure kwalekwale biyu wuri ɗaya, aka kafe su da gora a tsakiya, ganga a kai, makaɗinmu da nasu suna zaune gefe da gefe suna cin gyaɗa. 'Yan sanda sun zo, namu da nasu, suka duba suka ga ba wanda ya taka doka, sai kowa ya nemi inuwa.

Su suka fara. Ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau. Samarin Lwitiko suka busa duma, suka juya kamar mutum ɗaya, suka durƙusa suka miƙe, shi kuma yana gaba yana taƙama. Na ga ƙafar wasu matanmu tana motsi, na harare su. Inna Subilaga, da 'yan'uwanta ke cikin sahun can, ta riƙe zaninta gam ta kafe ido a ƙasa. Ba wadda ta shiga ruwa.

Sai makaɗinmu ya karɓi sandar kiɗa. Kawu ya fito fes, karin wandonsa kamar zai yanka hannu, kuma wannan aikina ne. Ya ja sahu har bakin ruwa, ya sara wa Tanzaniya, aka fara. Komai na tafiya daidai har aka zo wurin durƙuso. Samari suka yi ƙasa, shi ya tashi bin su, gwiwa ta ce ba da ita ba. Na ga fuskarsa ta canza. Na ce shi ke nan, za mu kwashi tsoho a ƙasa.

Bai faɗi ba, kuma bai durƙusa ba. Ya dogara sandarsa ya tsaya ƙyam, ya ɗaga wa makaɗi hannu ya rage kiɗa. Sannan ya zaro farin hankicinsa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi, amma kafaɗu da wuya da hannun nan suka ɗauki rawar gaba ɗaya, a hankali, yana murmushi yana duban matan tsallake ɗaya bayan ɗaya kamar ya zo zance. Samari suna durƙushe kewaye da shi suna busa ƙasa-ƙasa.

Guɗa ta tashi daga can. Wata tsohuwa ta tattare zani ta faɗa ruwa, hankici a sama. Da ta matso na gane ta, Ndigwako ce, matar Lwitiko da kanta.

"Ke! Ndigwako! Dawo nan!" Lwitiko ke ihu. "Cin amanar ƙasa!"

"Tafi can!" ta ce ba ta ko waiwaya ba. "Ka taɓa yi mini irin wannan?"

Sai sauran suka biyo ta, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da tazara don kada a ce ƙungiya ce. Suka fito jiƙe sharkaf, suka rufe Kawu da hankici har ba a ganin fuskarsa. Ni kuka nake, dariya nake, ban san lokacin da na rungume Gwakisa ba, mutumin da ko gaisuwar kirki ba ma yi.

Aka cire gora aka turo ganga gaɓarmu. Kawu ya ɗingisa ya je ya ɗora tafinsa a kanta, sai na ga ya tsaya. Fatar sabuwa ce. A gefe, inda ba a kankare gashi ba, ja ne da ɗigon fari. Duk wanda ke noma a bakin Songwe ya san mai wannan launi, babban san huɗar Lwitiko ne. Ashe tsohuwar fatar ta fashe ana cikin gwaji, bai gaya wa kowa ba, ya yanka sansa don kada ranar ta wuce ba ganga.

Kawu ya ɗago, ya ƙwala kira.

"Lwitiko! Ka haukace ne? Da me za ka yi huɗa bana?"

"Ina ruwanka? Ka dai shafa wa fatar san nan nawa mai, ka ajiye shi a inuwa! Baɗi zan zo in ɗauki sana, kuma a hannunka nake so in ƙwace shi, ba hannun yara ba!"

Kawu ya share ido da hankicin wata. Ya dubi sandar da ya yi alkawarin ajiyewa a ranar, ya mayar da ita hammata.

"Subilaga," ya ce, "mai maganin gwiwar nan na ƙauyenku, yana nan da rai?"