Faifan da Ba Ya Cikin Gado

Da aka zo rabon gadon Baba a Roni, kwamfutarsa ta faɗa a kason Yaya. Na amince. Rabo ne na shari'a, kuma tsohuwar akwati ce mai gurnani kamar injin markaɗe. Amma kafin a ɗauke ta na sa sukundireba na buɗe gefenta, na cire faifan ajiya guda daga cikin biyun da ke ciki, na jefa a jakata.

Faifan nawa ne. Ni na sayo shi a Kazaure, inda nake koyar da kwamfuta, ni na ɗaura shi da hannuna bayan Baba ya yi ritaya. A kansa na tara muryarsa. Duk hutun da na zo gida sai na zaunar da shi ya ba ni labarin shanun kakanmu, sunan kowace saniya da inda aka shayar da ita, rabi da Hausa rabi da Fillancin da mu 'ya'yansa ba ma ji sosai. Babu wani wuri a duniya da wannan murya ta rage sai nan.

Yaya ya riga ya yi cinikinta da wani ɗan Nijar da ke shigowa ta Babura. Ya jona kwamfutar don ya gwada masa, fanka ta juya, allo ya yi baƙi, wani ɗan rubutu fari ya fito ya tsaya cak. Ta ƙi tashi.

Aka kai ni ƙara wajen Baffa, ƙanen Baba. Yaya ya ce na cire hadis, yadda masu gyara ke kiran faifan. Baffa ya zaro ido ya tambaya wane hadisi ne kuma ake cirewa da sukundireba. Da a wata rana ce da na yi dariya. Da aka yi masa bayani sai ya yanke hukunci irin nasa na mai kiwo: abin da saniya ba ta miƙewa sai da shi, jikinta ne. In injin ya tashi babu faifan, nawa ne. In bai tashi ba, gado ne, in mayar.

Na durƙusa na ce, "Na ji, Baffa. Amma a ba ni ita, ni zan tashe ta."

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san mai saye goge komai zai yi. Yaya ya ce in daina taurin kai in kai wa mai gyara. Na kai. Mutumin ya leƙa ciki, ya ce hanya mafi sauƙi in mayar da abin da na cire. Na ce masa ai ba sauƙi na zo nema ba, na ɗauki kayana.

A tsakar gida na shimfiɗa tabarma, na ja waya daga ɗakin Inna. Sai da na natsu na gane matsalar. Duk manhajar tana kan tsohon faifan Baba, lafiyarta lau. Ɗan abin da ke nuna wa injin inda zai fara ne ya sauka a kan nawa tun ranar da na ɗaura shi. Na cire nawa, injin ya farka ya rasa mai nuna masa hanya. Na sa filashin da nake aiki da shi a makaranta, na shiga sashen gyara na manhajar, na fara rubuta masa sabuwar hanya. Aka ɗauke wuta. Matan gida na wucewa suna cewa in haƙura, zumunci ya fi ƙarfe. Ko kai ban ɗaga ba. Na aro janareton maƙwabta na sake daga farko.

Bayan la'asar na aika a kira Baffa da Yaya. Na ciro faifaina daga jaka na ajiye a kan tabarma inda kowa zai gani, sannan na danna. Allo ya yi baƙi, ya yi shuɗi, ya buɗe.

Baffa ya ce, "To, ta miƙe. Ɗauki abinki."

Yaya ya naɗe wayoyi, ya ɗaure akwatin a bayan babur da roba, ya gaida Baffa ya tafi. Na tsaya a ƙofar gida ina jira ya tambaye ni abin da ke cikin faifan da na tada wannan rigima a kansa. Da ya tambaya, wallahi a ranar zan kunna masa. Har yau bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa masa ba.