Yaya Glenys da Motar da Ba Ta Kuka

Yayata Glenys ba ta iya roƙo ba. Idan ta faɗi a titi, kafin ka miƙa mata hannu ta riga ta ba ka haƙuri don ta tare maka hanya. Ni Delyth ba haka nake ba, kowa a layinmu ya san bakina, kuma shekara bakwai da ta ba ni ba su taɓa hana ni yi mata faɗa ba.

Babanmu rabon madara yake yi. Yana da 'yar motar nan mai batir, marar ƙofa, wadda ko mai keke yakan wuce ta a hawa. Glenys na da shekara goma sha bakwai ta karɓi tuƙin, Baba yana sauke kwalabe a bakin ƙofofi. Zangonsu na ƙarshe shi ne garejin bas da ke ƙasan kwari, inda ake ajiye wa makanikai kwalba shida ta shayi. A nan wani dogon bakanike mai suna Emlyn Probert ya ɗora wa kansa fitowa karɓa, alhali ba wanda ya sa shi. Wata takwas yana karɓar madara kafin ya iya buɗe baki ya gayyace ta rawar Asabar. Ta ce sai ya tambayi Baba. Baba yana tsaye a gefe da akwatin kwalabe a hannu, ya ce in dai za a riƙa dawo masa da kwalabensa a wanke, shi ba ruwansa.

Suka yi aure, suka haifi ɗa guda wanda yanzu yake Ostireliya. Ita ta shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, shi kuma yana ƙarƙashin bas. Emlyn kunne gare shi. Yana kwance a gado zai ce maka bas mai lamba kaza ce ta wuce, kuma gobe za a kawo masa ita. Kashegari sai ka ga an jawo ta.

Ciwon gaɓɓai ya kama Glenys tana wajen shekara hamsin. Yatsunta suka lanƙwashe, gwiwoyi suka biyo baya, har ta koma tafiya da sanduna biyu. Da aka ba ta takardar neman tallafin masu lalura, duk inda aka tambayi abin da ba ta iyawa sai ta rubuta "ina lallaɓawa". Na yaga takardar a gabanta, na karɓo wata na rubuta gaskiya. Ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, amma ta hanyar nan ta shiga tsarin motar masu lalura. Kuɗin zirga-zirgar da ake ba ta ne ke wucewa can kai tsaye, su kuma su ba ta sabuwar mota ta shekara uku, da inshora da gyara da taya duk a wuyansu. Nata shan mai kawai. Ina sukar hukuma safe da yamma, amma a kan wannan na kama bakina.

Sai ciwon mantuwa ya sami Emlyn. Da abin ya fi ƙarfinta aka kai shi gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu, tafiyar minti ashirin daga gidanta. Kullum ƙarfe biyu na rana tana can. Idonsa ya dushe, fuskoki sun ɓace masa, ni kam ya daɗe da shafe ni. Kunnen ne bai tafi ba. 'Yar motarta shuɗiya mai shan dizal tana da wani kuka idan ta sauke giya a kwanar tudun, da zarar ya ji sai ya ɗaga kai.

"Ga Glen nan. Har yanzu ba ta kai an duba bel ɗin injin nan ba."

Idan ta shigo bayan wannan kukan, matarsa ce. Ya riƙe hannunta, ya yi mata ƙorafin shayinsu.

Wata rana motar tana wajen gyara, na kai ta a tawa. Muka shiga, Emlyn ya miƙe da kyar, ya nuna mata kujera.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Ta zauna awa guda a matsayin baƙuwa, suna zancen ruwan sama. A hanyar dawowa ta ce in tsaya a gefen titi, wai tana son shan iska. Na tsaya, na zuba ido a kan tumakin da ke kiwo a gangare har ta gama kukanta.

Saboda haka da shekara ukun motar suka cika ta roƙi ƙari, wannan kam ta iya roƙonsa. Aka ƙara mata biyu. Biyar ita ce iyaka, kuma wasiƙa ta zo cewa lokacin zaɓen wata ya yi. Ashe ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. A gidan mai kowa da hannunsa yake sha wa motarsa, ita kuwa yatsunta sun daina iya matse kan famfon. Wata maƙwabciyarta ce ta tsegunta mini cewa takan tsaya gefen mota tana jiran mai fuskar mutunci ya zo, kuma ran nan ta fi minti ashirin cikin ruwa don duk waɗanda suka zo kamar sauri suke yi.

"Yaya, ba ki da ƙanwa ne? Ko na mutu ba a faɗa mini ba?"

"Kina da hidimarki, Del."

"Hidimar me? Kallon talabijin?"

Na sa ta a gaba muka tafi wajen dillalin motoci a garin Pontypridd. Mai kula da mutanen tsarin wani ƙaton mutum ne mai sanƙo, Gethin Vaughan. Na shiga da shirin faɗa, don ban yarda da mai sayar da mota ba ko ɗan'uwana ne. Ya kawo mana shayi, ya zauna bai ce komai a kan mota ba. Yana kallon yadda take tallafe kofin da tafukan hannu biyu.

"Mama, wa ke sha miki mai?"

"Ina lallaɓawa."

"Ƙarya take yi," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya kai mu wajen wata mota mai lantarki, ya miƙa mata kan igiyar caji, ya ce ta gwada. Ta ɗaga shi da hannu biyu, ta tura a ramin, ya shige. Babu matsawa, babu murɗawa. Ta cire, ta sake sakawa. Ya ce tunda tana da wurin ajiye mota a gaban gida, tsarin zai turo a kafa mata akwatin caji a bango, ita da gidan mai sai dai ta ɗaga musu hannu in za ta wuce. Suka zaga gari da motar, ta dawo fuskarta a sake. Sai ta yi tambayar da na san tun daga gida take ɗauke da ita.

"Ni ban ji komai ba a ciki. Ba ta kuka ne?"

"Ina fa, Mama," ya ce yana murna. "Tsit take, kamar coci ran Litinin."

Ya ga yadda fuskarta ta canza, ya dube ni. Na ba shi labarin Emlyn, tana ta zungurina da sanda wai kada in dami bawan Allah. Ya daɗe yana shafa sanƙonsa.

"Zan iya nemo miki mai shan mai a jerin, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko an samu, kukanta ba zai zama na taki ba, kuma famfon yana nan yana jiranki. Ba sai yau ba, Mama. Ko kin yi oda, ba ki ɗaure kanki ba sai ranar da kika danna lambar sirrin da za su aiko miki."

Ta dubi yatsunta.

"In hannun nan ya hana ni shan mai, da mai kuka da marar kuka duk ɗaya ne, ba zan kai tudun ba. Rubuta wannan ɗin. Shuɗiya."

Sati goma sha ɗaya muka yi muna jira. Masu kafa akwatin caji suka zo, ta cika su da shayi da 'yar wainar zabibi da take gasawa a kasko, sannan ta tambaye su sau uku ko abin ba zai ja ta ba in ana ruwa. Suka ce in da haka ne da ba wanda ya rage a nan Wales, inda ruwa ba ya ɗaukewa. Ni kuma na ƙirƙiro dabarata. Na naɗi kukan tsohuwar motar a wayata daidai kwanar tudun, na ce mu gwada tun kafin ranar. Ta ajiye motar a ƙasa na ɗauko ta, na laɓe ƙarƙashin tagar Emlyn kamar ɓarauniya, na kunna har ƙarshen murya. Ko kai bai ɗaga ba.

"A rage rediyon nan," ya ce wa mai jinya.

Shekara arba'in mutum yana sauraron inji, ni na zo zan yaudare shi da waya. Ranar ma awa guda ta yi tana baƙuwa, kuma ni na jawo mata. Na ji haushin kaina har na kasa cin abinci.

Ranar karɓar mota Gethin ya sa mana ƙarfe huɗu na yamma. Sai daga baya na gane dalili, so yake tsohuwar ta yi hawanta na ƙarshe ƙarfe biyu. Ta yi kuwa, Emlyn ya yi ƙorafin bel, ya riƙe hannun matarsa. A wajen dillalin ta kwashe tarkacenta daga tsohuwar, ta dafa bayanta kamar mai sallamar maƙwabciya. An riga an ɗaura mata ɗan marikin da take juya sitiyari da shi a sabuwar. Gethin ya juyo mata da na'urar da ake danna lambar sirrin a kai. Ta fito da wasiƙar lambar daga jaka, ta daɗe tana kallo, ba wanda ya ce ta yi sauri. Ta danna da gaɓar yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Kashegari na riga ta zuwa, don in abin ya ɓaci kada ya same ta ita kaɗai. Na zauna kusa da Emlyn, na buɗe taga. Ƙarfe biyu ta yi, na hango shuɗiyar tana shan kwanar tudun, babu ko tari. Shi kuma yana ta murza bakin bargonsa. 

Da ta rage gudu a bakin ƙofar shiga, sai wani siririn sauti ya taso, kamar kukan ƙudan zuma daga nesa. An sa wa irin motocin nan shi ne don masu tafiya a ƙasa da makafi, na ciki ba ya jin sa sosai. Ni ma na ji shi ranar karɓa a wajen dillali, ban kawo komai a raina ba. Hannun Emlyn ya tsaya a kan bargon. Ya karkata kai.

"Madara ta iso," ya ce.

Ya goge tafukansa a wando kamar akwai baƙin mai a jiki, ya shafa 'yan gashin da suka rage masa. Sai a lokacin na ji abin da ya ji. Haka motar Baba take yi in ta gangaro gareji.

Glenys ta shigo tana dogara sandunanta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta shirya wa kujerar baƙi.

"'Yar gidan Bevan, yau kin makara."

Bevan sunan gidanmu ne, rabon da a kira ta da shi tun ranar aurenta. Ta dube ni, ta dube shi. Yayata ba ta da saurin baki, amma ranar ba ta yi tuntuɓe ba.

"Hawan ne, Emlyn. Ka san motar."

"Batir ne. Ki ce wa babanki ya kawo in duba masa." Ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai. "Glenys, ran Asabar akwai rawa a zauren ma'aikata. Na ce ko..."

"Sai ka tambayi Baba."

Ya juya yana neman Baba a ɗakin, kuma na ga ruɗewa ta fara hawa fuskarsa. Baba ya shekara ashirin da shida a ƙasa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ya ce in dai za a dawo masa da kwalabensa a wanke, shi ba ruwansa."

Emlyn ya yi dariyar da na manta yana da ita, ya miƙa mata hannu, ta zauna a gefensa. Ni na fita waje, na tsaya kusa da motar na yi kukana son raina.

Ba zan ce kullum haka ake yi ba. Akwai ranakun da iska ke kaɗawa ko an rufe taga, ta koma baiwar Allah mai neman wani. Masu jinya sun gane, yanzu biyu saura kwata sukan tura kujerarsa bakin taga su buɗe ko ana sanyi, su ƙara masa bargo. Na gode musu, na gode wa Gethin da ya duba hannun yayata kafin ya duba jerin motocinsa, har na kai masa kwanon waina da kaina, ni da na je yi masa faɗa. Wanda ya yi tunanin sa wa motar nan sauti don makafi kuwa bai san mu ba, amma ina sa shi a addu'a.

Kowace yamma Glenys takan tura igiyar a motarta da hannunta, ba ta jiran fuskar kowa. Kowace rana takan tsaya a kanti ta sayi madara ta kwalba, ba ta roba ba, ta ajiye a kujerar gefe. Jiya na tambaye ta ko ba ya yi mata ciwo, miji ya manta aurensu na kusan shekara hamsin.

"Yana yi mana," ta ce. "Amma wancan karon wata takwas na yi ina jiran ya buɗe baki, Del. Yanzu kusan kullum sai ya tambaya."